Shayin Gargajiya na Meziko da Haɗarin Ɗura Shi ga Jarirai

Mutanen Meziko sun daɗe suna magani da dafaffen ganye, har akwai kundin da masanin ƙasar Martín de la Cruz ya tsara a shekarar 1552, wanda Juan Badiano ya juya zuwa Latin, inda aka zana tsirran da kakanninsu Aztek suke amfani da su. Zuwa yau kasuwar Sonora da ke birnin Meziko cike take da buhunan busasshen fure da saiwa da ɓawo. Manzanilla, wani ɗan fure mai farin gefe da rawayar tsakiya, ita ake dafawa saboda ɓacin ciki da rashin barci, hierbabuena kuwa dangin na'a-na'a ce, sai epazote mai warin gaske da ake sha don tsutsar ciki. Abin da suke kira jamaica ba komai ba ne face zoɓo, wanda Meziko take sayen mai yawa daga Najeriya, musamman noman Jigawa da Kano.

Babba mai lafiya da ya sha kofi guda na manzanilla ko zoɓo da wuya ya ga illa. Ɓarnar tana faruwa ne wajen jarirai, domin akwai al'adar da ta kafu a gidaje da yawa, a Meziko da kuma tsakanin 'yan ƙasar mazauna Amurka, ta dafa wa jariri anís estrella da zarar ya shiga kukan ciwon ciki. Wannan wani busasshen ɗan itace ne mai siffar tauraro, asalinsa kudancin Sin da arewacin Vietnam, kuma ana sa shi a girki. Sai dai yana da wani ɗan'uwa na Japan mai ɗauke da guba da ake kira anisatin, wadda take taɓa ƙwaƙwalwa, kuma idan sun bushe, balle an farfasa su, ido ba ya iya raba su. A watan Satumba na 2003 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a su daina shan wannan shayi, bayan rahoton mutane wajen 40 da suka kwanta, kimanin 15 daga ciki jarirai, da amai da jijjiga da saurin motsin ido. Abin takaicin shi ne, uwar da ta ga kukan ya ƙaru sai ta ɗauka maganin ne bai isa ba, ta ƙara taurari a tukunya, ta bar su su daɗe suna tafasa, alhali ko na Sin ɗin ma idan ya yi kauri yana iya bugar da jariri.

Makamancin haka ya faru da gordolobo, shayin tari, a jihar Arizona wajen 1977, lokacin da aka sayar wa iyaye wani tsiro mai kama da shi daga dangin Senecio, wanda yake toshe hanyoyin jini na cikin hanta. Jarirai biyu suka kamu, ɗaya ya rasu. Mai sayarwa ya dogara da sunan da aka ba shi, mai saye ya dogara da mai sayarwa, babu wanda ya taɓa ganin tsiron yana ɗanye. Ganganci ne babba mutum ya ɗura wa ɗan wata biyu abin da shi kansa bai san daga wane daji aka yanko shi ba, don kawai kakarsa ta taɓa ambaton sunan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nonon uwa zalla ya ishi jariri har wata shida, ko ruwa ba a ba shi, don haka babu wurin shayi kowane iri. Kukan ciki na farkon watanni yakan lafa da kansa wajen wata uku zuwa huɗu, kuma saɓa yaro a kafaɗa har ya yi gyatsa bayan shan nono ya fi duk wani jiƙo aminci. Idan kuwa an riga an ba shi, aka ga amai ko fizge-fizge ko yawan barci ko idonsa ya yi rawaya, a garzaya asibiti tare da ragowar abin da aka dafa da takardar da aka ƙunso shi, a kuma faɗa wa likita gaskiyar yawan da aka ba shi da lokacin da ya sha.