Kan Sarki: Tarihin da Ke Kwance a Adakar Kaka

Uwargida, tambayi yaronki me ake nufi da "kan sarki". Da wuya ya sani, don ya taso ne a zamanin da saƙo ke isa Makka kafin a rufe baki. Amma sunan kansa darasi ne. Lokacin da ƴar takardar nan da ake manna wa ambulan ta shigo ƙasar Hausa, hoton kan mai sarautar Ingila ne a jikinta, shi ya sa kakanninmu suka raɗa mata wannan suna, ya kuma bi ta har yau.

A Ingila aka fara fitar da kan sarki, a shekarar 1840, baƙi ne na kwabo ɗaya mai hoton Sarauniya Biktoriya. Arewacin Najeriya ta samu nata a 1900, da sunanta a rubuce, Kudu ma da nata daban. Da Lugga ya haɗe su a 1914, sai sunan ya koma Najeriya kawai. Kin ga ke nan, yaron da ya jera kan sarki uku a tafin hannunsa ya ga haɗewar ƙasar da idonsa, abin da a makaranta haddarsa kawai yake yi don jarrabawa.

Waɗanda suka fi burge ni su ne na 1953. A na kwabo akwai mahayan dawakin Barno, a na ahu gyaɗa, a na taro kuma gadar Jebba. Nan hira za ta ɓarke. Yaro zai tambayi mene ne ahu, mene ne taro, ke kuma ki tura shi wurin kaka ta ba shi labarin sisi da sule da fam, kuɗin da aka yi amfani da su kafin naira ta zo a 1973. Daga gyaɗa kuma sai a faɗa labarin dalar gyaɗa ta Kano. In kuna da dangi a Kumasi ko Ankara, ki duba wasiƙunsu: a 1957 an buga sunan Gana da ranar samun ƴanci a kan tsofaffin kan sarkin Gwalkwas.

Ba sai kin kashe kuɗi ba. Ki fara da gida: adakar kaka, jakar takardun maigida, wasiƙun da aka aiko daga aikin hajji ko daga ɗan uwa mai karatu a waje. Sai dai a hanzarta, don gara da laimar damina ba sa jira, kuma wasiƙu da yawa sun ƙare a murhu ranar sharar ɗaki. A nemi izinin mai wasiƙa tukuna; ambulan ake so, abin da ke ciki sirrinsa ne.

Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne kada a ɓamɓare kan sarki da farce. In ambulan tsohuwa ce, a bar ta yadda take, domin hatimin gidan waya yana nuna gari da ranar da aka aika, wani lokaci ma ya fi kan sarkin daraja. In sabuwa ce, a yanke gefen da almakashi, a jiƙa a ruwa mai ɗan ɗumi har ya rabu da kansa, a kife shi a kan takarda mai tsabta ya bushe, sannan a danne shi cikin littafi mai nauyi. Ban da gam, ban da salatif. Ƙananan ambulan ko kundin hotuna mai aljihu sun isa wurin ajiya, a nesa da rana da danshi.

Za ki ga labarai a intanet na kan sarkin da aka sayar miliyoyi. Kada ki sa wa yaro wannan buri. Yawancin na gidajenmu an buga su da yawa, kuɗinsu kaɗan ne. Gara ki ba shi littafi ya riƙa rubuta ƙasa da shekara da abin da ke jikin hoton, in ya so ya zaɓi fanni guda, kamar tsuntsaye ko shugabanni. Ranar 9 ga Oktoba ce ranar gidan waya ta duniya. Ki kai shi gidan waya mafi kusa, ya sayi kan sarki da hannunsa, ya rubuta wa kakarsa wasiƙa.