Tsofaffin Kayan Wanki: Kada Mu Sayar da Su a Kan Sikeli

Kwanakin baya muna rangadin makarantu a ƙasar Tsanyawa, gaba da Bichi a kan hanyar Katsina, sai muka tarad da wani ɗan gwangwan a bakin kasuwar wani ƙauye yana awon ƙarafa. Cikin tarin da ke gabansa har da dutsen guga guda uku irin na da, masu nauyi, ɗaya da siffar zakara a kan murfinsa. Muka tambayi yaron da ya kawo su, ya ce na kakansa ne, wanda ya yi sana'ar wanki da guga har ya tsufa. Aka ɗora su a sikeli, aka ba shi abin da bai kai kuɗin takalmi ba, ya tafi yana murna.

To, jama'a, wannan shi ya sa muka ga ya kamata mu ba ku labarin yadda waɗansu ke yi da nasu tsofaffin kayan.

A Amurka akwai wani malamin jami'a, Lee Maxwell, wanda ya koyar da ilmin lantarki. Da ya yi ritaya sai ya shiga bin gidajen gona da wuraren gwanjo yana sayen tsofaffin injinan wanki. In ya samu, sai ya kwance, ya kankare tsatsa, ya gyara abin da ya lalace, ya mayar ya ɗaure har injin ya tashi. Da haka ya tara fiye da 1,000 a garin Eaton na jihar Kolorado, har littafin Guinness ya shaida ba wanda ya kai shi.

Wanda ya dubi irin waɗannan injina a jere zai ga yadda dabara ta yi ta hawa. Na farko dai baho ne na katako, ana juya shi da hannu, da waɗansu gungume biyu a sama masu matse ruwa daga tufa. Wajen 1908 aka fara sayar da mai aiki da lantarki, mai suna Thor, a birnin Cikago. A 1937 kamfanin Bendix ya fito da wanda ke wankewa, ya ɗauraye, ya matse shi kaɗai. Amma wanda ya fi jan hankalinmu shi ne na kamfanin Maytag na wajen 1915, mai ɗan inji na fetur. An yi shi ne domin manoman da lantarki bai kai gare su ba, watau mutane irin na ƙauyukanmu.

Wani zai ce, ina ruwanmu, tun da iyayenmu ba su san injin wanki ba? Gaskiya ne. Amma fa suna da nasu kayan, kuma ba da ka aka yi su ba. Akwai sabulun salo da a ke dafawa da ruwan toka. Akwai ƙwarya da daro, da bula ta fararen kaya. Akwai bugu, inda a ke shimfiɗa babbar riga ko rawani a kan gungumen itace, maza biyu su yi ta dukansa da mabugi har ya yi sheƙi, kamar yadda aka san mutanen Kura da na Ƙofar Mata da shi. Sa'an nan ga dutsen guga, wanda har yanzu shi ke rufa wa ɗan makaranta asiri ran Litinin da safe in ba wuta.

Ku duba hikimar da ke cikinsa. An huda gefensa don iska ta shiga gawayi ya ci gaba da ruruwa. An yi mariƙinsa da itace don kada ya ƙona hannu. An yi gindinsa da kauri don ya riƙe zafi, nauyinsa kuwa ya danne tufa. Gyaransa ma ba wuya. In mariƙi ya tsage, masassaƙi zai yi wani. In sakatar murfi ta karye, aikin maƙeri ne na ɗan lokaci. In ya yi tsatsa, a goge da yashi mai laushi, a ɗumama shi, a shafa masa kyandir a gindi, a share da tsumma. Shi ke nan ya koma aiki.

Saboda haka muna roƙon shugabannin makarantu abu uku. Na ɗaya, kowace makaranta ta keɓe kusurwa guda ta ajiye irin waɗannan kaya, a rubuta sunan kowane, da garin da ya fito, da aikinsa. Na biyu, a aiki yara wurin kakanninsu mata su rubuto yadda a ke wanki a da: ina a ke ɗebo ruwa, tulu nawa, wa ke ɗauka. Nan za su gane yawan wahalar da ta hana mata da yawa zama a aji. Na uku, ɗaliban fasaha, kamar na kwalejin horon malamai ta Bichi, in sun sami mataccen injin wanki a birni, kada su bari a farfasa. Su kwance shi su ga cikinsa. Wa ya sani ko cikinsu ne za a sami mai ƙera mana wanda zai yi aiki da feda ko da hasken rana, ya hutad da 'yan matanmu?

Gidan Makama a Kano ba zai iya ɗauke kayan kowane ƙauye ba. Mu ne za mu adana namu. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma a ke magani. Abin da ya shiga tukunyar narka ƙarfe kuwa ba ya komowa. Allah ya sa mu gane, amin.