Banadiyam: Ƙarfen da Ke Ƙara wa Ƙarfe Ƙarfi

1. Gabatarwa

Duk wanda ya duba jikin sifanar bakanike da kyau, sau da yawa zai ga an rubuta haruffan Cr-V. Harafin V ɗin nan yana nufin banadiyam, wani ƙarfe mai launin toka-toka da ƙyalli, wanda lambarsa ita ce 23 a jadawalin sinadarai. Ba kasafai ake ƙera wani abu da shi tsagwaronsa ba. Amfaninsa irin na gishiri ne a miya: kaɗan ake sawa, amma shi ke gyara tukunya duka.

2. Yadda aka gano shi

A shekarar 1801 ne Andrés Manuel del Río ya fara gano shi a ƙasar Meziko, cikin wani dutse mai ɗauke da dalma. Bayan shekara huɗu, wani masani Bafaranshe ya ce ai kuromiyam ne kawai mara tsabta, del Río kuwa ya yarda ya janye. Sai a 1830 Nils Sefström ya sake gano shi a Suwidin, ya raɗa masa sunan Vanadís, wata abar bauta ta mutanen yankin a zamanin da, saboda kyawun launukan da sinadaransa ke bayarwa. A 1867 Henry Roscoe ya fitar da ƙarfen kansa a Ingila.

3. Aikinsa cikin ƙarfe

Ƙarfen da ake gini da ƙira da shi baƙin ƙarfe ne da aka haɗa da ɗan kabon. In aka duba shi da madubin ƙara girma, za a ga ƙananan ƙwayoyi ne a manne da juna. Idan ƙwayoyin suka yi girma, ƙarfen yakan yi saurin tsagewa. To, banadiyam yakan haɗu da kabon da naitirojin, ya zama ƴan mitsi-mitsin tsakuwoyi masu tauri, waɗanda ke hana ƙwayoyin girma, su kuma tokare su kada su zame. Shi ya sa abin da bai wuce kilo 1 ba cikin tan guda yakan ƙara wa ƙarfe ƙarfi ƙwarai, ba tare da ya zama mai saurin karyewa ba.

Henry Ford na cikin waɗanda suka fara cin moriyar wannan. Motarsa Model T ta 1908 an yi wasu sassanta da ƙarfe mai banadiyam, ta fito da rashin nauyi, ga jure munanan hanyoyi. A yau fiye da kashi 80 cikin ɗari na banadiyam ɗin duniya a ƙarfe yake ƙarewa: rodi, bututun mai, gadoji da kayan aiki. Haka kuma, ana haɗa kashi 4 cikin ɗari na banadiyam da kashi 6 na alminiyam cikin titaniyam don ƙera sassan jirgin sama.

4. Misalin rodi

Akwai hanya mai araha ta taurara rodi, wato a fesa masa ruwa yana da zafi. Bayansa zai yi tauri, cikinsa kuwa ya zauna da taushi. A Nuwamban 2018 ƙasar Sin, wadda girgizar ƙasar Sichuan ta 2008 ta rushe wa gine-gine masu yawa, ta fara aiki da sabuwar ƙa'idar ingancin rodi. Masana'antu da dama suka koma sa banadiyam, farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a wannan shekara.

5. Inda ake samunsa

Galibi ana tace shi ne daga kashin ƙarfen da ya rage bayan an narka wata irin tama. Sin ke samar da fiye da rabinsa, sai Rasha da Afirka ta Kudu da Barazil.

6. Kammalawa

A taƙaice, ingancin ƙarfe ba a kaurinsa kaɗai yake ba. Rodi biyu na iya zama kauri ɗaya a ido, amma nauyin da za su iya ɗauka ya bambanta, gwargwadon abin da aka zuba a cikinsu tun a tukunyar narkawa.