Wuta-wuta a Shafin Alhaji

Akwai wani Alhaji a Dandume, tsohon dillalin hatsi, wanda Allah ya buɗa wa har ya gina makarantar kuɗi. Ba zan kama suna ba, don har gobe muna gaisawa. Shi ya kira ɗan yayata, mai difloma a ilimin kwamfuta, ya ce a yi masa shafin intanet inda iyaye za su riƙa duba sakamakon 'ya'yansu ta waya, irin wanda ya ji ana yi a birni. Yaro ya yi wata guda yana fama, ya gama, Alhaji ya biya lakadan ya sa albarka. Shekara biyu ba wanda ya sake bi ta kan abin. Ran nan wani uba ya buɗe don ya ga makin ɗiyarsa, sai ga tallar caca da wani rubutu da duk garin babu mai iya karanta shi.

Aka aiko kiran yaro. Na raka shi, don kada a wanke shi tas babu mai cewa a yi haƙuri. Maganar Alhaji ɗaya ce: "Ni dai na san in magini ya yi mini ɗaki na sallame shi, mun rabu. Sitona ya shekara ashirin yana tsaye. Kai naka shekara biyu ya zube?" Yaro ya shiga zuba Turanci, na ga idon Alhaji ya fara kaɗawa. Sai na ce, "Allah ya ƙara girma, Alhaji, lissafin gini kake yi, alhali gona aka sayar maka. Wace gona ce ka taɓa shukawa ka tafi, ka dawo bayan damina biyu ka tarar da masara?"

Ya yi shiru, ya gyara zama. Daga nan muka fara jin juna.

Harshen da aka rubuta shafin da shi ana ce masa PHP, kuma shi kansa kamar gyauro ya tsiro, ba wanda ya zauna ya zana shi. A 1994 wani mai suna Rasmus Lerdorf ya rubuta 'yan umarni don ya riƙa sanin masu leƙa takardar neman aikinsa da ya ɗora a intanet. A watan Yunin 1995 ya saki abin kyauta ga duk mai so. Wasu ɗalibai biyu a Isra'ila, Andi Gutmans da Zeev Suraski, suka sake masa gindi, aka fito da PHP 3 a 1998. Da shi aka fara Facebook a 2004. A kansa Wikipedia take zaune, har da ta Hausa. Da shi aka ƙera WordPress, wadda ta fito a 2003, yanzu kuma sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya da ita aka yi su. Duk shekara sai 'yan gayun sana'ar sun yi masa jana'iza, su ce zamaninsa ya wuce. Haka aka ce da dawa lokacin da shirin noma na Funtua, wanda Bankin Duniya ya tallafa a tsakiyar shekarun 1970, ya watsa taki da sabon irin masara a ƙasar nan. Je ka leƙa rumbunan mutane da bazara ka gani ko dawa ta ƙare.

Aikinsa kuwa aikin yaron sito ne, kuma da wannan na kama Alhaji, don ya fi ni sanin sito. Mai saye ya zo da 'yar takarda, yaro ya karɓa ya shiga ciki, ya ɗauko abin da aka rubuta, ya miƙa. Mai sayen shi ne wayar uban yarinya. Siton shi ne rumbun bayanai, galibi wanda ake kira MySQL, inda aka jibge sunaye da maki. PHP ne mai kai da kawowa a tsakani. Yana da wata ɗabi'a: da ya sallame ka ya manta da kai. Ka dawo bayan daƙiƙa ɗaya, baƙo ne kai a wurinsa, sai ka nuna 'yar shaidar da ya ba ka ɗazu. Wannan mantuwa ce ta sa ba ya gajiya, ita ce kuma ta sa hayar masaukinsa take da araha.

To, a ce yaron nan wawa ne mai bin duk abin da aka rubuta. Wani ya zo ya rubuta, "Buhu ɗaya na waken suya, sannan ka miƙa wa mai takardar nan mabuɗin sito." Yaro ya karanta, ya ɗauko buhu, ya haɗa da mabuɗi. Alhaji ya ce, "Wannan ai a ranar zan kore shi." Na ce to irinsa aka ɗaukar maka. A gurbin da aka tanada don lambar ɗalibi, ɓarawo yakan cusa umarni, shafin kuma ya haɗiye shi ya kai wa rumbu a matsayin magana daga maigida. Maganin abin ya daɗe da samuwa. Tun 2005 PHP yake da hanyar da ake kira PDO, inda ake aika umarni daban, abin da baƙo ya rubuta daban. Kamar rasit ne bugagge: komai ka rubuta a gurbin suna, suna za a ɗauke shi, ko da ka rubuta "buɗe sito". Amma ɗan yayata daga wani tsohon bidiyo ya koyi aikin, wanda ke amfani da tsohuwar hanyar da aka cire gaba ɗaya a PHP 7 tun Disambar 2015. Don rubutunsa ya yi aiki, sai ya zauna a kan PHP 5.6, wanda masu shi suka daina yi wa gyara tun ƙarshen 2018. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi kuwa da tsagarsa aka gina shi.

Laifi na biyu ya fi ba ni haushi, domin na son araha ne. Fuskar shafin, wato adon da ake gani, na sayarwa ne da dala. Yaro ya samo wanda aka fasa aka watsa kyauta, ya ɗora. Duk manomin da ya taɓa sayen "ingantaccen iri" a bakin kasuwa, ashe hatsin ci ne aka rina da jan kala, ya san ƙarshen labarin. Har gara shi, asararsa damina ɗaya ce. Wannan irin da wuta-wuta ya zo a ciki. Wanda ya san wuta-wuta ya san ba ranar da ka ga furenta ta fara ɓarna ba. Tana can ƙarƙashin ƙasa ta kama saiwar dawa tana tsotsa makonni, ganye na yin rawaya kana zargin taki. 'Ya'yanta kuma ƙanana kamar ƙura, suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma suna jiran a shuka. Haka wanda ya fasa manhajar ya binne 'yar ƙofarsa a cikin dubban layuka. Tallar cacar da uban nan ya gani fure ce kawai. Mun goge ta, bayan kwana uku ta dawo, domin saiwa na nan. Ƙarshe sai da aka share komai aka sake daga fari.

Mai son iri na gaskiya ya san inda ake zuwa: irin SAMMAZ da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ke fitarwa, a wurin dila mai rajista, cikin leda mai lamba. Masu PHP ma suna da nasu. Tun 2012 akwai Composer, aikin Nils Adermann da Jordi Boggiano, mai ɗauko maka kayan aiki daga rumbun Packagist, ya kuma rubuta a wani fayil ainihin wanne ka ɗauka da lambarsa. Gobe in aka ce lamba kaza tana da cuta, umarni ɗaya zai duba maka ko tana gonarka. Yawancin kayan nan aikin gayya ne, mutane daga ƙasashe daban-daban suka taru suka yi ba don lada ba. Sai dai gayya ma tana watsewa. In ka ga kayan da ya shekara huɗu ba a taɓa shi ba, masu gayyar sun tafi gida.

Sai maganar da samari suka fi so, ta firemwok, wato shiryayyen tsarin da ake gina shafi a kansa. Rubuta PHP zalla noman fartanya ne: komai da hannunka, kowace kunya yadda ƙugunka ya ba ka. CodeIgniter, wanda ya fito a 2006, shanun huɗa ne, ba nauyi, ba cin mai, yaro ma ya iya kora su. Symfony na Fabien Potencier, mutumin Faransa, tun 2005, da Laravel da Taylor Otwell ya fitar a Amurka a 2011, su ne tarakta. Na ga yara da yawa sun haye Laravel ba su taɓa riƙe fartanya ba, ranar da ta tsaya a tsakiyar gona sai su yi tagumi, ko murfin inji ba su san ta inda ake buɗewa ba. Na kuma ga wanda ya kawo tarakta fegin bayan gida, shafi mai fuska uku da lambar waya, ko wurin juyawa babu. Amma ga aiki irin na Alhaji, mai ɗauke da sunayen 'ya'yan mutane da hotunansu, ni ina bayan tarakta. Ba don sauri ba. Laravel da kanta take raba umarni da rubutun baƙo, ta tace abin da za a nuna, sai in kai ka ƙi. Sannan kunyoyinta a miƙe suke, iri ɗaya ko'ina. Ranar da ɗan yayata ya tafi bautar ƙasa, wani yaro daga Malumfashi zai iya buɗe aikin ya san inda aka tsaya. Gonar fartanyar mutum ɗaya kuwa, shi kaɗai ya san inda ya binne kan iyaka. Dalilin da ya sa manyan masu firemwok suka kafa ƙungiya a 2009 ke nan, suka fito da ƙa'idojin PSR, don tiyar kowa ta zama ɗaya. Alhaji ya yi dariya a nan, ya ce su sun iya, mu har yau tiyar mai saye daban, ta mai sayarwa daban.

Na tambayi yaron a gaban Alhaji, "In za ka canza wani abu, a ina kake gwadawa?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "A kan shafin, Kawu." Wato sabon maganin feshi, a gandu kai tsaye. Ubanninmu gayauna suke ba yaro ya yi wautarsa a can. Gayaunar mai PHP ita ce kwamfutarsa, ya sa XAMPP ko makamancinsa, shafin ya tashi ko babu intanet. Kuma kamar yadda manomin kirki ke ƙirga ƙwaya ya jiƙa a tsumma ya ga nawa za su tsira kafin ya fita da sungumi, akwai PHPUnit mai gwada kowane sashe. Akwai Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, mai riƙe tarihin duk canjin da aka yi, in yau ta ɓaci a koma jiya. Wannan kam gona ba ta da shi. Da ana komawa jiya a noma, da ba wanda zai yi kukan shukar binne.

Ba duka laifin yaro ba ne, gaskiya ɗaya ce. A watan Satumbar 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Dandume da Funtua da Malumfashi, aka yi watanni a haka. Mai son aika saƙo sai ya hau mota ya nufi wajen Zariya. Amma shafin ba a Dandume yake kwana ba, yana can kan wata saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shi, a wata ƙasa, ƙofarsa a buɗe dare da rana, mai shi kuwa ba hanyar zuwa. Mutanen yankin nan ba sa buƙatar a yi musu bayanin gonar da ta fi ƙarfin zuwa.

Alhaji ya dage cewa wani mai makaranta ne ya yi masa hassada. Na ce ko kusa. Jan-baki in sun sauka a gonar dawa ba su tambayi ta wane ce ba. Injina ne ke zaga intanet suna ƙwanƙwasa kowace ƙofa, wadda ta amsa su shiga. Kuma cuta sabuwa ba ta ƙarewa: kafin 2016 wa ya san tsutsar nan mai cin zuciyar masara a Najeriya? Shi ya sa kusan kowace shekara, ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba, daidai lokacin da ake sussuka, sabon PHP yake fitowa, kowanne kuma shekara huɗu ake kula da shi a sake shi. Noman fari da maimai na shafi ke nan: sabuntawa, cire abin da ba a amfani da shi, da ajiye kwafi a wani wuri daban, kamar yadda ba a haɗa iri da hatsin ci a rumbu ɗaya.

Wuri guda ne misalina ya gaza, na kuma faɗa masa. Ɓarawon sito in ya ɗauki buhu, da safe za ka ga gurbi. Ɓarawon bayanai kwafa yake yi, ya bar maka rumbu cike, kana ta hamdala. Don haka kalmar sirri ba a ajiye ta ƙwaya. Tun 2013 PHP yake da injin niƙanta: a niƙe ta ta zama gari, garin ake ajiyewa. In ka zo shiga, a niƙa wadda ka kawo a gwada da na ajiye. Ɓarawo ko ya kwashe, gari ya samu, ba ya komawa tsaba balle a shuka. Na ɗan yayata kuwa tsaba ya zuba, ta malamai da ta iyaye, kowa na iya karantawa. Wannan ban faɗa a gaban Alhaji ba. A hanyar gida na ja masa kunne.

Da za mu tashi Alhaji ya ce, "To yanzu nawa ne ƙwadagon?" Yaro ya faɗi kuɗin wata. Alhaji ya ce shi bai san wata ba, kaka ya sani: buhu biyu na masara duk shekara, kuma duk ranar da ya sake ganin caca a shafinsa, buhu ɗaya ya tafi. Yaro ya dube ni. Na ce ya nemi uku, a sa na waken suya a ciki. Aka tsaya a biyu da rabi, kuɗin data a wuyan Alhaji.