Yaƙi da Taba Sigari Ba Aikin Likita Kaɗai Ba Ne

A watan Mayun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan dokar taƙaita shan taba a Nijeriya, sai a 2019 aka amince da ƙa'idojin aiwatar da ita. Dokar ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara. To amma leƙa teburin da ke bakin kowace tasha: kwalin na nan a buɗe kusa da alewa da goro, ga ashana a gefe. Yaro ya zo da canji, mai tebur ya zaro masa kara ɗaya, ba tambaya. Wa ya aike shi? Ko shi zai sha? Ba mai bin ba'asi.

A nan bincike ke shigowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 a duk shekara, amma wannan adadi ba zai gaya wa ɗan majalisa nawa ya kamata a ɗora wa kwali na haraji ba. Sai an san su wa ke sha, nawa suke kashewa, kuma ta ina tabar fasa-ƙwauri ke shigowa. Likita ya san huhun da ya lalace, masanin tattalin arziki ya san farashi, jami'in kwastan ya san iyaka. In kowa ya riƙe nasa a aljihu, ba inda za a je. Shi ya sa yarjejeniyar duniya kan taƙaita taba, wadda ta fara aiki a 2005, Nijeriya kuma ta amince da ita a shekarar, ta ware sashe na 20 don bincike da musayar bayanai tsakanin ƙasashe.

An ga amfanin hakan. A Afirka ta Kudu gwamnati ta rinƙa ƙara harajin sigari tun daga 1994, masana a Jami'ar Cape Town suka bi diddigin abin, suka nuna cewa shan ya ragu ƙwarai, kuɗin shiga kuma ya ƙaru. Yau jami'ar na horar da jami'an wasu ƙasashe kan harajin taba. Jami'ar Waterloo ta Kanada ita ma tun 2002 take jagorantar wani bincike da ake yi wa mashaya tambayoyi iri ɗaya a ƙasashe da dama, har da Kenya da Zambiya, don a gane wace doka ce ke aiki, wacce ce ado.

Mu fa? Binciken ƙasa da aka yi kan manya a 2012 ya nuna kashi 5.6 cikin ɗari na amfani da taba. Tun daga lokacin shisha ta cika gidajen shaƙatawa, har 'yan mata sun shiga. Ga tabar gari da dattawa ke dannawa a leɓe, wadda da yawa ba sa ma ɗaukarta taba. Takardar tambayoyin da aka tsara da Turanci ba lalle ta kamo waɗannan ba, sai da mai jin harshen mutane a cikin tawagar.

Abu ɗaya dai, haɗin gwiwar ban da kamfanonin taba. Sashe na 5.3 na yarjejeniyar ya ce a kare manufofin lafiya daga katsalandan ɗinsu, kuma da dalili: sun yi shekaru da dama suna biyan kuɗin binciken da zai jefa shakku kan alaƙar sigari da ciwon daji, alhali Richard Doll da Bradford Hill sun nuna alaƙar a Ingila tun 1950.

Don haka kira ga jami'o'inmu na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri: ku zauna da ma'aikatun lafiya da na kuɗi tun kafin a tsara tambayoyin bincike, in an gama kuma a bayyana sakamakon da Hausa a gidajen rediyo.