Tsohuwar Amfilifaya Mai Bawul: Inda Ciwon Yake Da Yadda Ake Jinyarsa

Daga Wakilinmu

Kafin taransista ya zo ya cika kasuwa, duk wata na'ura mai ƙara ƙarfin murya, tun daga akwatin rediyo har zuwa amfilifayar da ake haɗa wa lasifika a wurin taro, da bawul take aiki. Bawul ɗin nan kuwa wata 'yar kwalba ce ta gilashi wadda aka zuƙe iskar cikinta, aka jera waɗansu ƙarafa a ciki, waɗanda idan sun ɗauki zafi sai lantarki ya riƙa ratsawa tsakaninsu. John Ambrose Fleming, mutumin Ingila, shi ya ƙago ta a 1904, sa'an nan Lee de Forest na Amurka ya ƙara mata ƙarfe na uku a 1906, abin da ya sa ta iya ƙara ƙarfin murya. Taransista bai bayyana ba sai a 1947. Dattawa cikin masu karatu za su tuna yadda akan kunna rediyo a zauna ana jira ta yi ɗumi kafin ta ce uffan.

Har yanzu akwai irin waɗannan na'urori jibge a ɗakunan ajiya da cikin kayan gado, kuma waɗansu daga cikinsu suna da daraja ƙwarai wurin masu sha'awar sauti. Alal misali, akwai Quad II, wadda Peter Walker ya tsara, kamfaninsa da ke Huntingdon a Ingila ya fitar da ita a 1953, aka yi ta ƙera ta har zuwa 1970. Ƙarfinta wat 15 ne kacal, bawul biyar gare ta: KT66 guda biyu masu tura murya zuwa lasifika, da EF86 guda biyu, da GZ32 guda ɗaya mai daidaita wuta.

To, wanda ya tsinci irinta, abu na farko da zuciyarsa za ta raya masa shi ne ya jona ta ya ji ko tana yi. A nan ne ake kashe da yawa daga cikinsu. Sauri ya haifi nawa.

Dalili kuwa shi ne, ba safai bawul ke da laifi ba, ko da yake shi ne aka fi zargi saboda shi ido ke gani. Bawul ɗin da aka ajiye shekara hamsin ba a taɓa shi ba yana iya tashi garau. Abin da tsufa ke ci shi ne kwandansa, watau ɗan abin nan da ke tara wuta ya riƙe. A cikin Quad II akwai waɗansu ƙanana guda biyu waɗanda aikinsu shi ne su bar murya ta wuce zuwa ga KT66, amma su tare wuta mai ƙarfi. Da takarda aka yi cikinsu, takarda kuwa tana shan laima. Idan suka fara yoyo, sai KT66 ya dinga jan wuta fiye da kima, ƙarfen cikinsa ya yi ja kamar garwashi, taransifoma ta ɗauki zafi har kwaltar da aka cika ta da ita ta narke ta fara tsiyaya. Kwandansa kuɗinsa kaɗan ne. Taransifoma kuwa in ta ƙone, sai an sake naɗa ta da hannu, kuma da wuya a sami mai naɗa ta daidai da yadda take tun asali. Saboda haka gwanayen gyara sukan canja waɗannan biyun tun kafin su nemi soket. Haka nan sukan auna rizista ɗaya bayan ɗaya, domin irin na da sukan kauce daga adadin da aka rubuta musu, musamman mai om 180 ɗin nan da ke ƙarƙashin KT66, wanda tun yana sabo yake aiki cikin zafi.

Lalle ne a ja kunnen ɗalibai masu son gwada hannu. Wutar da ke yawo cikin wannan na'ura ta haura volt 300, tana kisa, kuma manyan kwandansa suna iya riƙe ta bayan an zare waya daga bango. Ba a sa hannu sai an sauke wutar ta cikin rizista, an kuma tabbatar da mita cewa ta sauka. Masu haɗa bakinsa da sukudireba don su ga tartsatsi, ganganci suke yi. Tsofaffin ma'aikata sukan sa hannu ɗaya a aljihu idan suna awo, don kada wuta ta sami hanyar ratsa ƙirji daga hannu zuwa hannu.

Idan lokacin kunnawa ya yi, akwai wata dabara mai araha. A katse ɗaya daga cikin wayoyin da ke kawo wuta, a sa ƙwan lantarki mai wat 60 ko 100 a tsakani, irin na da mai zare a ciki, domin na zamani marasa cin wuta ba su yin wannan aiki. Idan ƙwan ya haska sa'an nan ya dushe, alama ce mai kyau. Idan ya tsaya da haske sosai, akwai inda wuta ke zuba, sai a kashe a koma bincike. Ƙwan ya riga ya tare ɓarnar. Kada kuma a kuskura a kunna ba tare da an haɗa lasifika ba, domin hakan na iya hallaka taransifomar da ke fitar da murya.

Daga nan sai aikin kunne da ido. Gunji mai kauri wanda ba ya raguwa ko an rage murya, galibi daga kwandansan da ke tace wuta yake fitowa. Ƙas-ƙas kuwa sau da yawa datti ne ko tsatsa a ƙafafun bawul da ramukan da suke shiga, abin da ƙurar hunturu da laimar damina ke haddasawa. Shi kansa bawul yana da wani tabo mai ƙyalli kamar azurfa a jikin gilashinsa. Idan tabon ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, ya mutu ke nan.

Samun madadinsa ba shi da sauƙi kamar da. Manyan masana'antun Ingila da Amurka sun daina ƙera bawul ɗin rediyo tun tuni, sai 'yan kaɗan suka rage a duniya, kamar ta JJ Electronic a ƙasar Sulobakiya, da ta birnin Saratov a Rasha, da waɗansu a ƙasar Sin. A 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya kawo cikas ga fitar da kaya, farashi ya tashi, masu saye suka yi ta wawaso. Shi ya sa ba dabara ba ce a zubar da tsohon bawul kafin a gwada shi.

Saura abu ɗaya da ya shafe mu a nan gida. Wutarmu volt 230 ce, amma na'urorin da aka ƙera domin Amurka na volt 110 zuwa 120 ne, kuma kayan gwanjo a gauraye suke zuwa. A karanta abin da aka rubuta a bayan na'urar, a duba inda aka saita ta, a kuma auna wutar janareta kafin a jona.