Tsawon Harsashi da Tsawon Gidan Sakata

Maƙeran bindigar farauta a Amurka da Turai, idan mutum ya zo a haɗa masa bindiga tasa ta kansa, ba sa fara maganar katako ko ado. Abin da suke fara tambaya shi ne, wane harsashi za ka harba? Dalili kuwa, gidan sakata, wato ƙarfen nan na tsakiya inda sakata ke kai da kawo tana tura harsashi cikin bututu, ana ƙera shi ne daidai da tsawon harsashin da zai ɗauka.

Gida iri uku ne aka fi sani. Gajere na ɗaukar irin su .308 Winchester, wanda ya fito a 1952, tsawonsa inci 2.8. Dogo na irin su .30-06 ne, harsashin sojan Amurka na 1906, mai inci 3.34. Sai babba, na .375 H&H da kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912, mai inci 3.6, wanda mafarautan ɓauna a Afirka suka daɗe da amincewa da shi. Bindigar Remington 700, da ta shiga kasuwa a 1962, ana yin ta gajera da doguwa, shi ya sa maƙera da yawa ke gina aikinsu a kanta.

Gajeren gida ya fi sauƙin ɗauka, sakatarsa ba ta yin doguwar tafiya. Amma yana da tarko. Maharba masu son nisa sun koma ga dogayen kawunan harsashi masu tsini, kuma in akwatin harsashi ya yi kaɗan, dole a danna kan ya nutse cikin kwanso, ya cinye wurin albarushi. Kamfanin Hornady ya lura da haka, ya gajarta kwanson harsashin 6.5 Creedmoor a 2007 domin dogon kai ya samu sarari. Wasu maƙeran kuma sukan sa gajeren harsashi a dogon gida da gangan, kuma a ganina sun yi dabara, muddin an gyara akwatin yadda harsashi ba zai riƙa wasa a ciki ba.

Kada a manta da fuskar sakata, wadda dole ta dace da faɗin gindin harsashi. Gindin .308 da na .30-06 faɗinsu ɗaya, inci .473, na .375 kuwa .532 ne. Saboda haka mai karatu, in za a haɗa maka bindiga, auna cikakken harsashin da kansa a ɗaure kafin ka biya kuɗin gida.